Duro Dubu Talatin a Rafin Gayam

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na koma Birnin Gwari da kwalin katunan kwamfuta a kaina ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan, furfura ta gama da ni, amma har yau in ina zaune ni kaɗai abin ya faɗo mini a rai, sai in ji na ce “kai!” da ƙarfi, mutanen gida su juyo suna tambaya ko wani abu ne ya cije ni.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne. Na gama digirin injiniya na shiga na biyu, ma'aikatar da ta tura ni karatu kuma tana so ta gina ƙaramar madatsar ruwa a wani rafi kusa da Gayam, don mutane su samu na noman rani. Matsalar irin waɗannan madatsu ita ce rafi ba ruwa kaɗai yake kawowa ba, da yashinsa yake zuwa. In ba a yi lissafi da kyau ba, cikin 'yan shekaru yashi zai cike wurin, a wayi gari an gina wa awaki filin wasa. Saboda haka aka ce wani ya je ya gano yawan ruwa da yawan yashin da rafin yake kwasowa in ya cika. Da aka duba aka ga ni ɗan ƙasar ne, sai aka ce ai ga mai gida, a ba shi.

Malamin da ke duba aikina wani Dokta ne ɗan ƙasar waje, dogo, marar son magana. Shi ya rubuta tsarin lissafin da kwamfuta za ta bi. (Yaran yanzu, ku daina tunanin abin da kuke ɗorawa a cinya. Tamu ɗaki guda ta cika, ita kaɗai ake kunna wa na'urar sanyaya ɗaki a duk jami'ar, kuma ba a yi mata magana sai ta katuna masu huji, kowane kati layi ɗaya.) Yadda tsarin yake aiki ba shi da wuyar faɗa. Ka ɗauka an yanka rafin gunduwa-gunduwa, an mai da shi ƙananan ɗakuna a jere, kowane ɗaki da ƙofar da ta haɗa shi da na gaba. Kwamfuta sai ta tsaya a bakin kowace ƙofa kamar mai gadi, tana ƙirga abin da ya wuce a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan na gane shi sarai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a kowace ƙofa amsa uku take bayarwa, a layi uku, kowanne da sunansa a sama: PHI, ALPHI, RHOPHI. A kunnena kamar 'yan uku ne aka haifa a gidan Bature. Na san dai 'yan uwan juna ne, amma wane ne wane, oho.

Ana cikin haka wa'adin aikin Dokta ya ƙare. Ranar da zai tafi ya kira ni ofis, ya nuna mini katunan a jere cikin dogon akwati, ya ce, “Na bar maka. Akwai abin da ba ka gane ba?”

Sunayen nan uku suna kan harshena. Amma akwai wasu ɗalibai biyu a ofis ɗin, ni kuwa ni ne na zo na ɗaya a ajinmu, kuma na riga na saba da yadda ake kallona. Na gyara tsayuwa na ce, “Babu, Dokta.”

Ya ba ni hannu muka yi sallama, washegari ya hau jirgi.

Wautata ta biyu ba ta jira ta farko ta huce ba. A ɗakin kwamfuta kowa aljihun tebur ɗaya ake ba shi, katunan Dokta kuwa sun fi ƙarfin nawa. Matar da ke buga mana katuna ta ce, “Waɗanda suka fara da harafin C bayani ne aka rubuta don mutum ya karanta. Injin tsallake su yake yi.” Maganarta kashi biyu ce, ni na biyun kawai na ji. Na zauna na zare duk wani kati mai C, na zuba a kwali, sauran suka shige aljihun tebur cif. Na sa aka buga mini tsarin a takarda bayan na zare su. Kwalin kuma na taho da shi gida, ba don in karanta ba, don dai a gani.

An kuwa gani. Inna ta ɗaga kati ɗaya tana leƙa rana ta hujin, ta ce, “Wannan ne karatun?” Na ce shi ne, amma waɗannan injin ba ya bukatarsu. Ta ce to ko za ta iya hura wuta da su, don itacen damina ba ya kamawa. Na ce, “Ɗauki duka, Inna.” Na faɗa da irin muryar attajirin da ya yi kyautar doki.

Ban yi tsammanin zaman gida zai yi mini nauyi ba. Garin da aka haife ni ne, na san kowane lungu daga bakin kasuwa har tashar manyan motoci. Amma tun ranar da na sauka sunana ya ɓace, na koma Injiniya. Abokan da muka yi wanka a rafi tare, in na doso inuwar da suke hira sai a gyara zama, a share mini wuri, hirar ta mutu. Wani ya tambaye ni lafiyar karatu, in amsa, a yi shiru, sai in tashi in ce ina da aiki. In na ɗan yi nisa sai in ji dariya ta dawo. Inna ma, da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana ba ta kuma zama hira da ni. Abinci kawai nake tararwa a rufe a bakin ƙofa. Aka ba ni ɗakin da ke can ƙuryar gida don kada a dame ni. Ba a kuwa dame ni ba. Akwai ranakun da in ka cire gaisuwa da sallama, ban furta kalma goma ba.

Sau biyu a mako nake hawa babur ɗin ma'aikata in ratsa daji zuwa Gayam. Hanya ce doguwa, itatuwan doka da kaɗanya sun rufe ta, ƙudan tsando suna bin wuyana, wani lokaci garken birai su tsallaka gabana ko kallo ban ishe su ba. A can dagaci ya haɗa ni da Baba Ishaya, wani dattijo manomi da lambunsa ke bakin rafin. Gajere ne, da tsohuwar malafa, Hausarsa tana da ɗan karin harshensu. Shi yake riƙe mini sandar awo a cikin ruwa, shi yake jefa kara a sama ni kuma in duba agogo in ga lokacin da zai iso inda nake. Mu ɗebi ruwa a kwalabe, mu bar shi ya kwanta, mu ga yawan yashin. Yana da wani dutse da ya yi wa zane-zane da kansa, kowane zane inda ruwa ya taɓa kaiwa a wata damina.

Shi kaɗai ne a duk ƙasar ya taɓa tambayata yadda aikin yake. “Injiniya, wannan injin naku, ya taɓa ganin rafin?”

“Ba ya bukata, Baba. Lissafi yake yi.”

“To, to. Allah mai iko.”

Da na zauna na yi masa bayani da mun zama abokai tun ranar. Amma bayani yana iya kai mutum inda bai sani ba, ni kuwa na san akwai rami uku a gabana. Sai in jefa masa kalmomin Turanci biyu masu nauyi, ya gyaɗa kai, mu ci gaba da aiki.

A bakin lambunsa akwai 'yan itatuwan lemo goma sha huɗu, masu aure, da ya samo daga nesa shekara uku da suka wuce. Sun kai ƙirjina. Kullum sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba ganye. Ya ce shi ba lallai ya sha da yawa ba, na jikoki ne.

Duk abin da muka auna sai in cike takarda, in ba direban wata motar kaya ya kai jami'a, matar nan ta buga a katuna, a ba injin. Amsa takan yi mako uku kafin ta dawo. Da kaka ta yi, babbar amsar ta iso: lissafin ranar da rafin ya fi cika, takarda mai ninki-ninki, in ka ware ta sai ta kai daga ɗakina zuwa zaure. Na shimfiɗa ta a tabarma na zauna a gabanta. Ga 'yan ukun nan a sama suna kallona. Lambobin da ke ƙarƙashin PHI ƙanana ne. Na ALPHI sun fi su ƙanƙanta, duk sifiri ne a gaba. Na RHOPHI kuwa manya-manya, masu cika ido.

Kwana huɗu ina kallonsu. Ba wanda zan tambaya. Babu waya, jami'a tafiyar yini ce, kuma ko na je, wa zan tsaya a gabansa in ce na yi wata shida ina aiki da abin da ban san sunansa ba? Na ɗauki alƙalami na rubuta wa Dokta wasiƙa. Shafi ɗaya da rabi gaisuwa ce da labarin damina, tambayar tana layin ƙarshe, a maƙale kamar wadda ta shigo bisa kuskure. Na kai ta har bakin gidan waya. Na tsaya na ga fuskarsa a raina yana karantawa, yana tuna yadda na gyara tsayuwa. Na mai da wasiƙar aljihu na dawo gida.

A rana ta biyar na yanke hukunci da irin hikimar da ba a koyarwa a ko'ina. Na ce ruwa shi ne babba a rafi, yashi ƙarami, saboda haka layin da ya fi manyan lambobi shi ne na ruwa. Na tara lambobin RHOPHI na dukkan ƙofofin da ke bakin inda za a yi madatsar. Na mai da su duro don mutanen ƙauye su gane. Ya ba ni duro dubu talatin a daƙiƙa ɗaya.

Kada ka ce ban ji wani abu ba. Na ji. Na tsaya a cikin rafin nan da ƙafafuna, na san faɗinsa, yaro mai ƙarfi zai iya jefa dutse ya tsallake shi. Wata murya a cikina ta ce, anya? Sai na ce mata ai injin yana hango ambaliyar da ido bai taɓa gani ba. Gaskiyar magana kuma, lambar ta yi mini daɗi. Babban ruwa sai babbar madatsa, babbar madatsa kuwa sai babban injiniya. Har na fara tunanin inda za a kafa allon da zai ɗauki sunana.

Da daɗin ya yi mini yawa na rasa wanda zan faɗa wa, sai na faɗa wa Baba Ishaya. Muna zaune a kan dutsensa na ce, “Baba, in aka tare wannan ruwan, duk fadamar nan tafki za ta zama. Har lambunka.”

Ya daɗe yana kallon rafin. “Har lemon?”

“Har saman lemon.”

“Injin ne ya ce?”

“Shi ya ce.”

Ya cire malafa ya sosa kai. “Ni dai shekarata sittin a nan ban ga ya wuce wancan zanen ba. Amma ku kuka yi karatu.”

Da na dawo mako biyu bayan haka, ramuka goma sha huɗu na tarar a bakin lambun. Ya tone itatuwan da saiwarsu ya kai su kan tudu, bayan gidansa, inda ƙasa tsakuwa ce. Ya ce gara ya motsa su tun suna ƙanana. Na ce ya yi dabara. (In akwai jimla ɗaya da zan so a ba ni dama in haɗiye a duk rayuwata, wannan ce.)

Aka sa ranar taro a tsakiyar bazara, a wani aji na makarantar firamare ta Gayam. Babban injiniyanmu zai zo daga Kaduna ya ji sakamako, mutanen gari su ma su ji. Na sa kwat. Ka tuna zafin bazara, ka tuna rufin kwano, sa'an nan ka tuna kwat baƙa mai kauri da na saya don ranar karɓar digiri. Dagaci da dattawa suka zauna a benci na gaba, manoma suka cika sauran, mata suka tsaya ta waje suna leƙowa ta taga. Babban injiniyan, wanda muke kira Oga, ya zauna a kujerar malami a gefe, mutum ne mai ƙiba mai sanyin magana, yana fifita da fayil.

Na yi bayanin ɗakuna da ƙofofi, ya tafi daidai. Na ga kawuna suna gyaɗawa. A karo na farko cikin wata tara mutane da yawa suna saurarona, na ji kamar in yi ta magana har la'asar. Sa'an nan na ɗauki alli na juya ga allo, na rubuta lambar da manyan baƙaƙe, na ja mata layi biyu a ƙasa.

“Jama'a, ranar da rafinku ya cika, duro dubu talatin ne yake wucewa kafin ku ƙifta ido sau ɗaya.”

Wani ya ce, “Iko sai Allah.” Oga ya daina fifita.

Sai wata murya ta fito daga taga. Wata tsohuwa ce, siririya, fatar kafaɗarta ta yi kanta irin ta matan da suka yi shekaru suna ɗaukar kaya a wurin. Daga baya na ji sunanta Mama Saratu, yayar Baba Ishaya ce.

“Ɗana, in tambaye ka. Duro irin na kananzir?”

“Irinsa, Mama.”

“Dubu talatin. A rafinmu wannan na bayan makaranta?”

“Shi fa.”

“To ni ta ina nake bi in je kasuwa? Tun ina budurwa nake tsallake shi da kaya a kafaɗa. In ya yi fushi sosai ya kawo mini nan,” ta nuna ƙirjinta, “in koma gida in jira gobe. Ko wani rafin kuka auna?”

Dariya ta fara daga wajen mata, ta shigo ta taga, ta bi benci-benci. A nan ne mai hankali zai ce a ba shi lokaci ya sake dubawa. Ni kuwa sai na ɗaga doguwar takardar sama, ninkinta ya warware ya zubo har ƙasa, na ce da ƙarfi, “Mama, kwamfuta ba ta ƙarya!”

“Ban ce ta yi ba,” in ji ta. “Ita ban san ta ba. Kai na tambaya.”

Oga ya miƙo hannu. “Samari, kawo takardar nan.”

Na tattaro ta daga ƙasa na kai masa. Ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa, bai fi minti ɗaya ba. “Wanne ka tara?”

Na nuna.

“Karanta mini haruffa ukun farko.”

“R, H, O, ranka ya daɗe.”

“Haɗa su ka faɗa.”

Na buɗe baki na ce, “Ro.” Kafin sautin ya gama fita na gane. Ro. Ƙaramin harafin nan mai lanƙwasa da wutsiya, wanda muke rubutawa a lissafi tun shekarar farko a jami'a, mai nufin nauyin abu. Na rubuta shi da hannuna ya fi sau dubu. Ban dai taɓa ganin an rubuta sunansa da baƙaƙen boko ba, don injin ba shi da harafin, sai Dokta ya rubuta yadda ake faɗarsa. Layin da na tara ba yawan ruwa yake ƙirgawa ba, nauyinsa yake ƙirgawa, da kilo. Ruwan da zai cika duro biyar kuwa kilo dubu ne, ni kuma kowane kilo ɗaya na lissafa shi duro biyar.

Oga bai ɗaga murya ba, amma ajin ya yi shirun da kowa ya ji. Da Hausa ya faɗa, don kada wani ya rasa rabonsa. “Jama'a, injin bai yi kuskure ba. Ya auna da sikeli, ya kuma auna da mudu. Injiniyanku ne ya ɗauko lissafin sikeli ya karanta muku a matsayin na mudu.” Ya juyo gare ni. “Je ka cire sifiri uku.”

Na nemi tsumman goge allo, babu. Na sa hannun kwat na goge. Sifiri ɗaya, biyu, uku, kowanne da tasa dariyar. Abin da ya rage a allon: talatin.

Mama Saratu ta leƙo ta duba, aka karanta mata. Ta ce, “Yawwa. Yanzu ka iso rafinmu.”

Har dagaci sai da ya rufe baki da hannun riga. Na juyo ina murmushin da ba nawa ba, gumi yana bin bayana, hannun kwat fari fat. A nan idona ya faɗa kan benci na ƙarshe. Baba Ishaya yana zaune da malafa a gwiwa. Shi kaɗai ne ba ya dariya. Ba ni yake kallo ba, allon yake kallo.

Ban tsaya cin abincin da aka dafa wa baƙi ba. Na hau babur na kama hanyar daji, ban taɓa jin tsawonta kamar ranar ba. Da na isa gida na wuce kai tsaye madafa, abin da ban yi ba tun ina yaro. “Inna, katunan nan da na ba ki, akwai saura?”

Ta ce, “Na ƙarshen ai da su na dama maka kokon safe. Suna da kyau, ka ƙaro in za ka dawo.”

Oga ya ba ni wata ɗaya in gyara rahoton. Na rufe kaina a ɗaki da tsarin Dokta, ba bayani ko layi ɗaya, na bi shi kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya. Duk inda ɗaya daga cikin sunayen nan ya fito sai in ja layi, in tambayi kaina daga ina ya zo, da me aka ninka shi, ina za shi. A mako na uku na iso wani layi guda inda aka haɗa RHOPHI. An ɗauki ALPHI an ninka da nauyin yashi. An cire ALPHI daga PHI, abin da ya rage an ninka da nauyin ruwa. An tara biyun. Shi ke nan. Na zauna ina kallon layin. Ashe PHI shi ne duk abin da ya ratsa ƙofa, ruwa da yashi a haɗe, in an auna da mudu. ALPHI rabon yashi ne kaɗai a ciki. In kana son ruwa zalla, ka cire na biyu daga na farko. RHOPHI kuma su duka ne a kan sikeli. Layin yana shafi na tara, kuma tun ranar farko yake wurin.

Wani irin daɗi ya kama ni, na fito tsakar gida da takarda a hannu ina neman wanda zan faɗa wa. Inna ce kawai, tana tankaɗe. Na tsaya na yi mata bayani tun daga ƙofofi har sikeli. Ta saurara har na gama, ta ce, “Madalla. Ka ci abinci kuwa?”

Rahoto ya tafi. Saura abin da nake ta ɗagawa. Ranar wata Asabar na yi ta maza na hau babur zuwa Gayam. Na tarar da Baba Ishaya a kan tudu. Itatuwa goma sha ɗaya sun bushe ƙaƙas, sun zama sanduna. Uku ne ke da sauran ganye, su ma a lanƙwashe.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, “Baba, ni na jawo maka wannan. Ban san abin da nake karantawa ba, kuma na ji kunyar in ce ban sani ba.”

Ya ce, “Ni ma da nawa. Na ga zanen dutsena da idona, na bar shi na bi takardarka.” Ya taɓa ganyen ɗaya daga cikin ukun. “In na sake tone su yanzu mutuwa za su yi. Sai dai ruwa, har damina ta sauka. Ni kuma gwiwa ta ƙi.”

Ya shiga gida ya fito da garwa biyu da sanda, irin ta 'yan ga-ruwa. Ya ajiye a gabana.

Daga rafi zuwa kan tudun nan tafiya ce mai ɗan nisa, kuma duk hawa ce. Kowace itaciya garwa biyu take sha. Na yi ta zuwa ranar Laraba da Asabar har ruwan sama ya sauka, mako bakwai. Ranar farko sandar ta saɓule mini fatar kafaɗa, rabin ruwan kuma a wandona ya ƙare. Matan gari suna wucewa da nasu kayan suna yi mini sannu, “Sannu Duro Dubu! Yau nawa ya wuce?” Sunan ya bi ni har cikin Birnin Gwari. Abin mamaki, ranar da ya iso inuwar abokaina, ranar ce suka daina share mini wuri. Wani ya ce in matsa in ba shi gefen tabarma, ai ni ma ashe mutum ne. Ban ce na ji daɗin sunan ba, amma na zauna har aka kira la'asar.

Biyu daga cikin lemon sun rayu. An gina madatsar bayan na bar wurin, 'yar ƙarama daidai rafinta, ruwan bai ko kusanci tsohon lambun ba. Baba Ishaya bai sake kirana Injiniya ba, ɗana yake ce mini, kuma bai taɓa tayar da maganar ba har muka rabu.

Na yi shekara talatin ina koyar da wannan lissafi daga baya. Duk ɗalibin da ya kawo mini lamba, kafin in duba girmanta sai na tambaye shi da me aka auna ta, kuma in wata tsohuwa da ta san wurin ta ji, za ta yarda? Suna ganin tsufa ne ya sa nake yawan tambaya. Ban taɓa gaya musu ba cewa bambancin yawan ruwa da nauyinsa ba a jami'a na koye shi ba. Yawansa dai ana iya rubuta shi a allo, a ƙara sifiri, a goge. Nauyinsa kuwa sai ka hau tudu da garwa biyu, kuma kafaɗata ta dama har yau takan tuna mini in hadari ya haɗo.